Yadda Na Koyi Yi wa Dokina Tausa Bayan Hawan Sallah

Dokina bikili ne ɗan Arewa, ingarma mai matsakaicin tsayi, kuma da shi nake bin tawagar hakiminmu duk lokacin da aka taru a Katsina domin Hawan Sallah da Hawan Bariki. A shekarar da nake ba da labarinta ya gama hawan biyu lafiya lau a idon masu kallo, amma da muka koma gida sai halinsa ya sauya. Dokin da yake tsayawa cik idan an kawo sirdi ya fara kwantar da kunnuwa yana kaɗa wutsiya, idan aka ja majayi sai ya waiwayo kamar zai kai cizo, idan kuwa na sa ƙafa a likkafa sai ya lotsa bayansa ƙasa. Yana cin harawarsa da dusarsa yadda ya saba, ba ya ɗingishi ƙarara, sai dai takun ƙafafunsa na baya ya gajarta, kuma juyawa ɓangaren hagu ta zame masa aiki.

Masu ba da shawara ba su yi ƙaranci ba. Wasu sun ce taurin kai ne irin na ingarman da ya ƙoshi, bulala ce maganinsa. Wasu sun ce a yi masa lalas a gadon baya, wasu kuma suka ce in aika kasuwa a sayo allurar kashe zafi a yi masa, kafin gari ya waye zai warware. Ban karɓi ko ɗaya ba, domin allurar da aka yi ba tare da an san ciwon ba rufe shi kawai take yi har dokin ya ci gaba da aiki a kan rauni, lalas kuwa sabon miki yake ƙarawa a kan ciwon da ke ciki. Sai na kira likitan dabbobi.

Likitan bai fara da bayan dokin ba, ko da yake nan na nuna masa. Ya fara auna zafin jikinsa, ya ce na lafiyayyen doki yana tsakanin digiri 37.5 da 38.5, sannan ya ƙirga bugun zuciya, wanda a lokacin hutu yake kamawa daga 28 zuwa 44 a minti ɗaya, ya kuma lura da numfashi. Ya ɗaga kofato ɗaya bayan ɗaya yana matsawa, ya shafa jijiyoyin ƙafafu yana neman ɗumi ko kumburi, ya buɗe baki ya duba haƙora da inda linzami yake zama, ya sa yaron doki ya ja shi a sassarfa a kan ƙasa mai tauri, a miƙe da kuma a zagaye. Dalilinsa shi ne sau da yawa ciwon baya daga ƙafa yake tasowa, domin dokin da ke kare ƙafa ɗaya daga taka ƙasa sosai yakan ɗaure tsokar bayansa har ita ma ta kamu. Sai da ya gamsu cewa ƙafafu lafiya suke sannan ya bi gefen ƙashin baya da yatsu yana dannawa, kuma da ya iso daidai inda ƙarshen sirdi yake sauka, dokin ya zabura ya lanƙwashe. Ya ce tsoka ce ta gaji ta ɗaure, ya rubuta magani na ɗan lokaci, ya hana ɗora sirdi, ya ce a riƙa jan dokin da ragama safe da yamma, kuma a haɗa masa da tausa.

Shi ne ya shaida mini cewa a ƙasashen waje tausar dawaki sana'a ce mai zaman kanta da ake koyarwa, ya ambaci wani Ba'amurke mai suna Jack Meagher wanda ya yi wa dawakin tawagar Amurka wannan aiki a gasar Olamfik ta 1976 a Montreal. Amma ya ce ba sai na je nesa ba, akwai wani dattijo a cikin gari da ya yi shekaru yana kula da dawakin folo. Wannan bai ba ni mamaki ba, domin Katsina gidan folo ce tun zamanin Sarki Muhammadu Dikko, kuma ɗansa Sarki Usman Nagogo, wanda ya yi sarauta daga 1944 zuwa 1981, har yau ana ambatonsa cikin gwanayen wasan. Inda aka daɗe ana gudu da dawaki masu tsada, dole a sami mutanen da hannunsu ya san jikin doki.

Kafin likitan ya tafi ya ja mini kunne a kan lokutan da tausa take zama cutarwa. Ba a yi wa doki mai zazzaɓi, ba a taɓa wurin da ya kumbura yana zafi, ba a bi ta kan sabon rauni ko ƙurji ko makero, kuma dokin da ke ciwon ciki, yana tonon ƙasa yana kallon kwiɓinsa, likita yake bukata nan take. Ya ƙara da wani yanayi da ban taɓa ji ba, wato dokin da tsokar cinyoyinsa ta sandare bayan aiki, yana gumi, ya ƙi motsawa, fitsarinsa ya yi duhu. Irin wannan ba a tausa shi, ba a kuma tilasta masa tafiya, domin tsokar ce take lalacewa, kuma ƙoda tana iya taɓuwa.

Dattijon ya zo da la'asar sakaliya, bayan rana ta yi sanyi, kuma ya ce kullum irin wannan lokaci ko da sassafe za mu riƙa yi, ba daidai lokacin cin abinci ba, domin dokin da hankalinsa ke kan dusa ba ya sauraron hannu. Ya sa aka kwance dabaibayi, aka fito da dokin daga turke, aka zagaya da shi kamar minti 10 domin jikinsa ya yi ɗumi, aka goge masa ƙura. Ya dubi hannuna ya ce in cire zobe da agogo, in kuma yanke farce. Na tambaye shi ko a kawo man kaɗanya, ya ce gashin doki ya wadatar wajen sulɓi, mai kuwa ƙura yake tarawa, kuma yana sa yatsu su zame su kasa jin abin da ke ƙarƙashin fata. Ya nuna mini inda zan tsaya, wato a gefe, kusa da jikin dokin, hannu ɗaya kullum yana kansa, mai riƙe da ragama yana ɓangaren da nake, kuma kada in taɓa tsayawa daidai bayan ƙafafunsa komai sabon da ke tsakaninmu.

A zaman farko kusan ban yi tausa ba, koyon jikin doki na yi. Dattijon bai yi karatun boko ba, amma abin da ya nuna mini da hannu ya yi daidai da abin da likita ya zana mini a takarda. Doki ba shi da ƙashin da ke haɗa kafaɗa da ƙirji irin na mutum, tsoka ce kawai take rataye gangar jikinsa tsakanin ƙafafun gaba, kuma waɗannan ƙafafu su ne ke ɗauke da kimanin kashi 60 cikin 100 na nauyinsa. Saboda haka duk zamiyar da mahayi ya yi a gaban sarki, ya taho a sukwane ya ja linzami dokin ya tsaya cak, tsokar kafaɗa da ƙirji da ta ƙugu ce take shanye wannan girgiza. Daga gwiwa zuwa kofato kuwa babu tsoka, sai ƙashi da jijiyoyi, don haka nan ba wurin murzawa ba ne, shafawa kawai ake yi ana neman ɗumi. Haƙarƙarin doki 18 ne a kowane gefe, kuma ya sa na bi na ƙarshe da yatsa har zuwa sama, ya ce daga nan zuwa baya babu abin da ke tallafe da gadon baya, nauyin sirdi bai kamata ya ƙetare wannan iyaka ba. Daidai nan ne dokina ya zabura a hannun likita.

Aikin kansa da shafa ake fara shi. Ana shimfiɗa tafin hannu gaba ɗaya, a bi kwanciyar gashi tun daga bayan kunne, a gangaro gefen wuya, a ratsa kafaɗa, a bi gefen baya har zuwa cinya, a hankali ƙwarai, ana maimaitawa ana ƙara nauyin hannu kaɗan-kaɗan. Dattijon ya fi daɗewa a gindin wuya, wajen tudun da geza take ƙarewa, yana sosawa da yatsu. Nan ne dawaki suke sosa wa juna da haƙora idan suna sake, kuma likita ya gaya mini daga baya cewa wani bincike da aka yi a kan dawakin yankin Camargue na Faransa a 1993 ya nuna sosa wannan wuri yana rage bugun zuciyar doki. Na ga alamar haka da idona, domin ba a jima ba dokin ya sauke kai, leɓensa na ƙasa ya saki.

Bayan jiki ya karɓi hannu sai a shiga dannawa. Ana ɗora gindin tafin hannu a kan tsoka mai kauri, a jingina da nauyin jiki, a ɗan murɗa, a saki, a matsa gaba kaɗan a sake. Ƙarfin daga ƙafafun mai tausa yake fitowa, wanda ya dogara da damtse kuwa kafin ya gama ɓangare ɗaya ya gaji. Ba a danna kan ƙashi, musamman tsinin ƙashin baya da ƙashin ƙugu, gefensu ake bi. A wuya da ƙirji, inda tsoka take kamuwa a hannu, ana ɗan ɗago ta a matsa tsakanin babban yatsa da sauran yatsu. A wuyan dokina dattijon ya sami ɗauri sosai a ƙarƙashi da kuma bayan kunnuwa, ya ce wannan aikin linzami ne. Linzaminmu na gargajiya yana da tsanani, kuma mahayi yana so a ga doki ya tanƙwara wuya yana taƙama, to dokin da ya wuni a haka yana kare bakinsa, wuyansa ne yake biyan bashin.

Abin da ya fi ɗaukar mini lokaci shi ne gane ƙulli. A gefen hagu na gadon baya dattijon ya kama yatsuna ya ɗora a wani wuri ya ce in rufe ido. Da farko ban ji komai ba sai gashi da ɗumi, daga baya na ji wani abu mai tauri kamar ƙwallon dabino a ƙarƙashin bargo, kuma da na danna shi fatar wurin ta yi rawa, dokin ya ɗaga kai. Dattijon ya ce, "Alhaji, sassauta. Ajiye yatsan a nan ka jira, shi da kansa zai ba ka wuri." Na ce, "Baba, yaya zan san ya ba ni?" Ya ce, "Dubi idonsa da bakinsa, kada ka dubi hannunka." Na riƙe wurin da matsakaicin nauyi, bayan wani ɗan lokaci dokin ya lumshe ido, ya fara lasar baki yana tauna ba tare da komai a bakinsa ba, ya ja dogon numfashi ya sauke, ni kuma na ji taurin ya ɗan narke a ƙarƙashin yatsana. Daga nan aka koya mini in murza wurin a gicciye, wato in ratsa tsawon tsokar da kan yatsu ina motsa fatar tare da su, sannan in rufe da shafa mai tsawo.

Waɗannan alamu su ne ma'aunin aikin gaba ɗaya, kuma a ganina duk wanda bai koye su ba bai kamata ya sa hannu a jikin doki da sunan tausa ba. Lasar baki, hamma, sauke kai, lumshe ido da ɗage ƙafar baya ɗaya ana hutar da ita suna nuna hannu ya yi daidai. Kwantar da kunnuwa, kaɗa wutsiya da ƙarfi, ɗaure baki, riƙe numfashi ko matsawa gefe suna nuna an wuce gona da iri, sai a rage nauyi ko a bar wurin a dawo daga baya. Doki ba ya kukan ciwo yadda kare ko akuya suke yi, shi ya sa mutane da yawa suke ɗaukar haƙurinsa a matsayin lafiya, kuma idan haƙurin ya ƙare su kira shi mugun hali. Tausa ta sa na fara ganin ƙananan maganganun da yake yi tun kafin ya kai ga tutsu.

Da ciwon ya fara lafawa sai aka ƙara miƙa jiki. Ana riƙe karas a hannu a ja hankalin dokin ya kai bakinsa ƙirji, ya kai tsakanin gwiwoyinsa, sannan ya lanƙwaso gefe zuwa haƙarƙari da kwiɓi, a riƙe shi a nan na ɗan daƙiƙu kafin a ba shi. Amfanin wannan hanya shi ne dokin da kansa yake miƙewa, iya inda jikinsa ya yarda, babu mai jan sa da ƙarfi. Likita ya ƙarfafa mini gwiwa a kai, ya ce wani bincike na Jami'ar Jihar Michigan da aka wallafa a 2011 ya gano cewa watanni 3 na irin wannan motsi sun ƙara kaurin ƙananan tsokokin da ke riƙe ƙashin baya. A nan ne bambancin ɓangarorin biyu ya fito fili, domin ta dama dokina yana kai baki kwiɓi cikin sauƙi, ta hagu kuwa sai ya juya ƙugu ya bi karas ɗin da ƙafa. Muka riƙa tsayar da shi jikin bango domin kada ya samu hanyar kaucewa, kuma sannu a hankali tazarar ta ragu. Dattijon ya kuma koya mini sosa tsakiyar ciki da kan yatsu, daga inda majayi yake wucewa zuwa baya, abin da ke sa doki ya ɗaga gadon bayansa sama.

Duk da sauƙin da aka samu, dattijon ya ce aikinmu banza ne muddin ba a duba sirdi ba, kuma nan ne na fi ƙaruwa. Ya sa aka kawo sirdin ba jalala ba shimfiɗa, ya ɗora a bayan dokin, ya zura hannu a ƙarƙashi. Itacen yana taɓa baya a gaba da kuma can ƙarshe, tsakiyarsa kuwa a sama take, wato nauyina duka a wurare ƙanana yake sauka maimakon ya bazu. Ƙarshensa ya wuce haƙarƙari na ƙarshe, kuma a gefen tudun kafaɗa akwai ɗan farin gashi da na daɗe ina gani, wanda ya ce shaidar tsohon matsi ce, gashin da ya fito fari a irin wannan wuri ba ya komawa launinsa. Ƙara shimfiɗa ba ya gyara sirdin da ya matse, ƙara matse shi yake yi. Na kai dokin da kansa wurin mai haɗa sirdi domin a auna a jikinsa, aka sassaƙa wani itacen mai gajarta, baduku ya sake cusa shimfiɗar ƙarƙashi.

Sai kuma batun nauyi, wanda mu mahaya ba mu cika son a tayar ba. Masana da yawa suna ba da shawarar kada kayan da doki yake ɗauka, har da mahayi, su wuce kashi 20 cikin 100 na nauyin jikinsa. Idan doki yana da kilo 350, kilo 70 ke nan, alhali babban mutum da rawani da alkyabba da babbar riga, ga sirdin itace da likkafun ƙarfe da kayan ado na wuya da ƙirji, ya haura wannan nesa ba kusa ba. Dattijon ya kwatanta mini da aikin da ya sani: dokin folo yana gudu mai tsanani na kimanin minti 7 a sauya shi, kuma kullum cikin horo yake, dokin hawa kuwa yakan shafe watanni a turke ana ciyar da shi ya yi ƙiba ya yi sheƙi, sannan rana ɗaya a ɗora masa kaya tun safe, ya yi sa'o'i a tsaye cikin rana da ƙarar bindiga da tambura, ya taka kwalta, ya yi sukuwa. Ƙiba ba ƙarfi ba ce, kuma na yarda da shi cewa rashin kilisa ya fi ranar hawan kanta cutar da dawakinmu.

Komawa kan sirdi a hankali muka yi ta. An fara da jan dokin da ragama a kan rairayi, aka koma ɗora sabon sirdin ba mahayi, sannan yaro marar nauyi ya hau yana tafiya kawai, kafin ni in hau. Bayan kowace kilisa nakan cire sirdi in dubi shatin gumi: idan ya jiƙe bai ɗaya a ɓangarorin biyu, sirdin ya zauna daidai, idan kuwa akwai busasshen wuri a tsakiyar jiƙa, to akwai matsi a nan. Likita ya dawo ya sake bin bayan da yatsu, dokin bai zabura ba, ko da yake ɓangaren hagu har yanzu ya fi saurin ɗaurewa idan aiki ya yi yawa, kuma nan nake fara dubawa kullum.

Yanzu tun saura watanni biyu Sallah nake fara kilisa a kai a kai, ina ƙara nisa da nauyin kaya sannu a hankali, kuma na rage wasu kayan adon da nauyinsu ya fi kyansu. Yaron dokina ya koyi shafa da dannawa, shi yake yi da yamma, ƙulli kuwa ni nake nema da kaina. A ranar hawa, da zarar na sauka sai a sassauta majayi, a zagaya da dokin a ƙafa har numfashinsa ya daidaita, a ba shi ruwa, a cire sirdi, a wanke masa gumi da ruwan sanyi, a duba kofato da jijiyoyi da kusurwar baki. A daren nan shafa mai sauƙi kawai yake samu, domin tsokar da ta wuni tana aiki ba ta son dannawa mai zurfi. Tausa sosai sai bayan an gama Hawan Bariki ya kwana ya huta, kuma ba na fara ta sai na auna zafin jikinsa na ga bai haura digiri 38.5 ba.